Goggo Yelwa da Ƙafar Hammawa

Goggo Yelwa ba doguwa ba ce, ba ta kuma da jiki. In tana tafe da ƙwaryar nono a ka sai ka ce ƙwaryar ce ke tafiya, ita kuwa binta kawai take yi. A wata ruga kusa da Jajaye aka kawo ta amarya, a nan kuma ta tsufa. Duk wanda ya ci kasuwar Rogo a shekarun nan ya san inuwar da take zama, ya san kindirmonta mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Kowa Goggo yake ce mata, yaran ruga da matan gari da direbobin tasha, har da Hammawa, wanda ita ta haife shi.

Hammawa shi ne ɗanta na fari, ɗan fari kuwa a wurin mutanenmu abin jin kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta bari a kama ta tana kallonsa. Da aka yaye shi sai Bappa Sulle, wan mijinta Mijinyawa, ya ɗauke shi ya damƙa wa matarsa. Yaro ya tashi ana ce masa Hammawa na Sulle, har mutanen gari ba su san shi da wani uba ba. Bukkar da ya girma a ciki ba ta wuce jifan dutse daga ta Goggo Yelwa ba, amma in ta taso daga rijiya ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin gona ta jira ya wuce. In baƙo ya tambaye ta, "Wannan saurayin fa, na wa ne?" sai ta gyara faifan ƙwarya ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

Abin da mutane ba su sani ba sai daga baya shi ne ta san sawunsa. Kowace safiya in shanu sun fita, takan bi hanyar da suka bi kamar mai neman ƙirare, idonta a ƙasa. A cikin sawun kofato da na sauran makiyaya takan tsinto nasa. A haka ta ga ya girma: sawu ƙarami mai gudu-gudu, sannan ya faɗaɗa, sannan ya nutsu ya zama na namiji mai taka ƙasa a hankali. In ya yi fushi ta kan gane, don dugadugansa sukan nutse. In ya yi raha da abokai ta kan gane, don sawun yakan karkace ya dawo. Hirarsu ke nan, shi bai ma san ana yi ba.

Shekarar da cutar bushiya ta shigo ta kwashe shanu, Mijinyawa bai daɗe a bayan garkensa ba. Matar Bappa Sulle ma ta rasu ba da jimawa ba. 'Yan shanun da suka tsira Hammawa ne ya riƙe su, ya yi ta lallaɓa su har suka sake zama abin da za a kira garke. Makiyayi ne na gaske. In ya yi kira daga bakin fadama, saniyar da ke can cikin duhuwa ma sai ta ɗago kai.

Da kaka, bayan an girbe dawa, manoman Jajaye sukan kira Fulani su shigar da shanu gonaki, shanu su ci kara, gona ta sami taki. A irin wannan gona ce tushiyar dawa, wadda aka sare ta karkace ta bar tsini, ta soki Hammawa a tafin ƙafar hagu. Ya zare ta, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure, ya ci gaba da kiwo. Bai gaya wa kowa ba. Saurayin ruga ba ya kawo ƙarar ƙaya.

Goggo Yelwa a ƙasa ta gani. Sawun hagu ya zama rabi, dunduniya kaɗai ke taɓa ƙasa. Washegari ta ga alamar sanda ta yi zurfi a gefensa. Ta je bayan zanan Bappa Sulle ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "A duba yaron nan. Ba ya taka ƙafa ɗaya."

Bappa ya kira shi ya tambaya. Hammawa ya yi dariya ya ce ba komai, ƙaya ce. Bappa kuwa yana da tafiya, za su kai rabin garken wajen rafi shi da sauran maza, sai ya ce a shafa man shanu mai ɗumi, ya kama hanya.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da Hammawa. Yana rawar sanyi a tsakar rana, numfashinsa sama-sama kamar na maraƙin da aka kora. Ruga ba namiji, sai mata da jarirai da wani tsohon jaki. Goggo Yelwa ta tsaya a ƙofar bukkarsa, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba, ta ga ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, ga wani jan layi ya taso daga idon sawu yana hawa kamar hanyar tururuwa. Mata suka taru suka ɗora shi a jaki. Ita ta kama igiya ta shige gaba.

Ta kan ce wannan tafiyar ba ta san ko a farke ta yi ta ba. Gonaki sun yi fari fat, balbelu suna tashi a gabanta suna sauka a bayanta, ba kowa a hanya. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Numfashinsa take ji a bayan wuyanta, da shi take auna tafiyar: in ya yi sauri ta ja jakin, in ya lafa gabanta ya faɗi ta tsaya cak har sai ta sake jin sa.

A wani gari da ke kan hanyar Karaye akwai wani mutum, Shitu, da ake ce wa Likita. Ya taɓa aiki a wani asibiti yana tura marasa lafiya a keke, da ya dawo gida sai ya kama ɗaki a bakin hanya, ya rataya farar riga, ya shiga yin allura. A gindin tagarsa wata mata mai suna Turai ke suyar ƙosai, mace mai faɗin murya wadda ba abin da ke wuce ta.

Shitu ya taɓa goshin Hammawa ya ce, "Me ke damunka, ɗan Fulani?"

"Zazzaɓi ne kaɗan," in ji Hammawa, haƙoransa na haɗuwa.

Goggo Yelwa tana tsaye a bakin ƙofa, fuskarta na kallon bango. Ta ce, "Malam, a duba ƙafar yaron nan. Ƙafar ce."

"Baiwar Allah, zazzaɓi ya kawo mini, ba ƙafa ba," in ji Shitu yana fasa kwalbar allura. "Garin nan kaf sauro ya gama da shi. Tun safe abin da nake yi ke nan."

Turai ta leƙo ta taga da matsamin ƙosai a hannu. "Kai Shitu, hancinka ya toshe ne? Ni da nake cikin hayaƙin mai ma na ji warin ƙafar nan. Kwance tsumman mana ka gani."

"Hajiya Turai, in na zo juya miki ƙosai sai ki zo ki yi mini allura. Ƙosanki na ƙonewa."

Bai kwance tsumman ba. Ya yi masa allurar zazzaɓin sauro, ya ce a dawo gobe. Suka kwana a zauren wani mai ɗaukar nononta, suka dawo. A ranar Hammawa bai ma san inda yake ba, shanunsa yake ta kira ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yana yi musu faɗa don sun shiga gonar mutane. Shitu ya ce zazzaɓin ne ya hau kai, ya ƙara wata allurar.

Turai ce ta aika a nemo Bappa Sulle. Da ya iso ya ga ɗansa, nan take ya tare mota sai Kano.

A babban asibiti likita ya yanke tsumman da almakashi, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya fara ganinsa. Ya ce ciwon ya ruɓe, gubarsa ta shiga jini ta zagaye jiki, shi ya sa zazzaɓin da sambatun. Ya ce da tun ranar farko an buɗe an wanke, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kuwa an ce su wuce asibiti, da yanzu yana bayan shanunsa. Yanzu kam sai dai a zaɓa, ƙafa ko rai.

Goggo Yelwa ba ta shiga ɗakin da aka kwantar da shi ba. A baranda ta zauna, ta jingina da bango daidai inda gadonsa yake ta ciki. Kwanakin nan sun narke mata sun zama abu ɗaya. Wani lokaci sai ta ga farar saniyarsa ta shigo ta ƙofar asibiti, tana tafe a hankali tsakanin masu jinya, ba wanda ya kula ta, ta leƙa taga ta wuce. Wani lokaci sai ta ga simintin barandar ya koma rairayi, ta sunkuya tana neman abin da ta saba nema, sai mai shara ta zo da tsintsiya ta ce, "Inna, ɗaga ƙafa." Da aka ce ya farfaɗo ya nemi ruwa, ta tashi ta je bayan ginin ta daɗe.

Ya dawo ruga da sanduna biyu, ƙafar hagu ta tsaya a ƙasan gwiwa. Shanu suka fita da wani. Yakan zauna a gindin ƙirya ya bi su da ido har ƙurarsu ta kwanta.

Bappa Sulle ya ga masu ƙafar roba a Kano, ya ga wani har keke yake hawa da ita. Abin ya zauna masa a rai. Amma jinya ta riga ta ci abin da za a iya sayarwa, in aka ƙara taɓa garken babu sauran garke. Wani malami a Jajaye ya gaya masa cewa shari'a ba ta bar irin wannan ba: wanda ya sa kansa a matsayin mai magani, aka nuna masa ciwo ya ƙi dubawa har gaɓa ta salwanta, akwai diyya a kansa. Bappa ya kai ƙara da sunan Hammawa gaban alƙali a Karaye. Diyyar nan ita ce ƙafar roba, ƙafar roba kuwa ita ce komawar Hammawa kiwo.

Shitu ya musa. Ya ce zazzaɓi aka kawo masa, zazzaɓi ya yi wa magani, ba wanda ya ambaci ƙafa. Hammawa kansa ba ya tuna komai na ranar. Saura waɗanda suka ji da kunnensu, mata biyu, Turai da Goggo Yelwa. Malamin ya ce shaidar mata biyu da rantsuwar mai ƙara ta isa a irin wannan. Sai dai ya ƙara da abu ɗaya: ba a karɓar shaidar uwa a kan abin da zai amfani ɗanta.

Da yamma Bappa Sulle ya zo bayan bukkarta ya tsaya, ita tana ciki, zana a tsakaninsu kamar yadda suka saba.

"Yelwa, kina ji na?"

"Ina ji, Bappa."

"Alƙali zai tambaye ki mene ne tsakaninki da shi. Ba wani sabon abu za ki faɗa ba. Abin da kike faɗa a kasuwa tun yana goye, ɗan gidanmu ne, shi za ki faɗa. A can Hammawa na Sulle aka rubuta. Shitu bai sani ba, Turai ba ta sani ba."

Ya ƙara matsowa jikin zanan.

"Ni na taɓa roƙonki wani abu? Kunyar nan taki da ta ishi kowa, yau ga ranarta ta zo."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Ita ma a ranta ta ɗauka abu ne mai sauƙi. Maganar da bakinta ya saba da ita ce, ko cikin barci aka tashe ta ita za ta fito.

Ranar zama, ɗakin shari'a ya cika da masu rigimar gona da masu rabon gado. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a tabarma. Turai ta fara, ta ba da labari har da kwaikwayon muryar Shitu, mutane suka yi dariya, alƙali ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta malam, ni fa ko a gaban wa zan faɗa," in ji Turai. "Na ce masa kwance tsumma, ya ce ƙosaina na ƙonewa. Kuma bai ƙone ba."

Aka kira Goggo Yelwa. Ta durƙusa, ta ja mayafi. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya tambayi sunanta da inda take zaune, ta faɗa. Sannan ya nuna gefen da Hammawa yake da alƙalaminsa ya ce, "Dube shi da kyau. Kin san mai ƙarar nan?"

Umarnin alƙali ne, ba yadda za ta yi. Ta juya ta dube shi.

Tun ranar da aka yaye shi ba ta kalli fuskarsa kai tsaye ba. Ta san bayansa, ta san inuwarsa, ta san tarinsa daga nesa. Ba ta san yana da ɗan tabo a gira ba. Ba ta san goshinsa na mahaifinta ne sak ba, mahaifin da ta baro tun tana amarya. Yana zaune a ƙasa, sandunansa a gefe, ƙafar wandon da ba komai a ciki an naɗe ta an ɗaure da igiyar maraƙi. Shi ma ita yake kallo, kamar yadda ake kallon wanda zai ba da labarin wani gari mai nisa. Hayaniyar ɗakin ta ja baya, ta koma kamar ta kasuwa in ana jin ta daga ruga.

"Na san shi," in ji ta.

"Mene ne tsakaninki da shi?"

Maganar ta zo bakinta ta tsaya. A kasuwa in ta faɗe ta, matan da ke kusa sukan yi murmushi, don kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta, ba wanda aka rufe wa komai. Wannan dattijon kuwa bai sani ba. Zai ɗauka yadda ta faɗa, ya sa a rubuta, ya yanke hukunci a kai. Kuma za ta faɗe ta ne idonta a cikin idon yaron.

"Ɗana ne," in ji ta. Muryar ta fito ƙarama, har alƙali ya karkato kunne. Ta ƙara ɗagawa. "Hammawa. Ni na haife shi, da damina, ana ruwa. Shi ne na fari."

Bappa Sulle ya sunkuyar da kai ya dafe rawaninsa. Turai ta saki baki ta ce, "La ilaha illallahu! Yo ke da kika tsaya kina kallon bango?"

Alƙali ya ajiye alƙalami. "Baiwar Allah, kin san shaidar uwa ba ta tsayawa a nan?"

"An gaya mini."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce shaida ta rage ta mace ɗaya, ba ta cika ba, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Shitu ya fita ya yi alwala ya dawo, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya rantse cewa shi bai san an nuna masa wata ƙafa ba. Ko ƙarya ya yi, ko kuwa a cikin tururuwar masu zazzaɓin shekarar ya manta da gaske, wannan yana wurin Allah. Turai ta miƙe za ta yi magana, masinja ya zaunar da ita. Alƙali ya sallami ƙarar.

Suka hau mota suka koma ruga. Bappa Sulle bai sake tsayawa a bayan zananta ba har aka yi shuka. Matan ruga suka rabu biyu, wasu na cewa ta zubar da kunya a gaban maza, wasu na cewa ta zubar da ƙafar ɗanta, ba dai wadda ta ce ta kyauta. Hammawa bai sami ƙafar roba ba. Ya koyi tufkar igiya da saƙar faifai, ya riƙe maruƙa a gida, a kan haka ya yi aure ya haifi 'ya'yansa. Bai sake bin garke ba.

Amma tun kafin wannan duka, ana cikin makon shari'ar, wata safiya bayan shanu sun fita, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanduna sun nufo bukkarta. Tana zaune a ƙofa tana kaɗa nono. Ta yunƙura za ta shige ciki, sai ta ga ƙwaryar a cike take, in ta tashi da sauri za ta zube. Ta zauna. Ya iso yana haki, ya jingina sandunan da zana, ya sauka ƙasa a hankali nesa kaɗan da ita, suna kallon wuri ɗaya, can inda maruƙa ke ɗaure.

Suka gaisa kamar baƙi, lafiya lau, lafiya lau, har gaisuwar ta ƙare ba abin da za a ƙara.

"Da kin faɗi yadda Bappa ya ce," in ji shi, "da yanzu ana auna mini ƙafa a Kano."

Ba faɗa a muryarsa. Faɗa mata kawai yake yi.

"Na sani," in ji ta.

"Na so ƙafar nan."

"Na sani. Ni ma na so maka ita."

Maburgi ya ci gaba da juyawa a tafin hannunta. Wani maraƙi ya yi kuka, uwarsa ta amsa daga nesa. Hammawa ya tsinki ciyawa ya sa a baki, ya tauna, ya tofar. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe haka muryarki take in da ni kike."

Ta ci gaba da kaɗawa. Man ya fara tasowa, ƙanana-ƙanana, yana taruwa a gefen ƙwarya. Ta tsame shi da ludayi ta sa a ruwa, sannan ta ɗebi nonon a ƙoƙo ta ajiye a ƙasa tsakaninsu, ta tura shi gefensa da yatsa. Ya ɗauka ya sha. Ya zauna nan har rana ta take, ita kuma ba ta tashi ba.